Hafirin garinmu ya cike da laka, kwari kuma na cin gonaki, ta ina za mu fara haɗa kan jama'a?

Ɗan Rahad:

Assalamu alaikum ya jama'a. Dan Allah ina neman shawara a wurin waɗanda suka taɓa shiga aikin gayya na ruwa ko na gyaran ƙasar noma, musamman mutanen Gadarif da Kasala da Sinnar. Garinmu yana gabashin Sudan ne, kudu da Gadarif ta ɓangaren kogin Rahad, yawancinmu Hausawa ne sai Fulani da Barebari da wasu 'yan uwa mutanen yamma, dawa da riɗi muke nomawa, wasu kaɗan gyaɗa.

Matsalolinmu biyu ne. Na farko hafirin garin, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan damina, wanda da shi ne yake riƙe mu da dabbobinmu har kusan watan 4 ko 5, yanzu kafin watan 2 ya ƙare sai taɓo kawai, saboda laka ta cika shi wlh rabinsa ma ya zama fili yara suna ƙwallo a ciki da rani, ga shi tun da dakarun RSF suka shiga Madani a watan 12 na 2023 sannan Sinja a 2024 baƙi suka ƙaru mana sosai, wasu sun koma amma da yawa suna nan kuma ba wanda zai ce wa ɗan'uwansa kar ka sha ruwa. Na biyu akwai wani kwari da ke gabas da gari, da tsallake shi ake da ƙafa, yanzu amalanken jaki ba ya ƙetarewa sai an zagaya, kowace damina sai ya yanki gonakin mutane ya tafi da su.

Wata munazzama, wato ƙungiyar agaji, ta zo ta ce in muka kafa lajna, wato kwamiti, muka tara wani kaso na kuɗin mai za su kawo loda, wato motar haƙa ƙasa, su yashe hafirin. To mun kira taro, waɗanda suka zo sun zata rabon kaya za a yi, da suka ji maganar a tara kuɗi ne sai aka watse, taro na gaba dattawa ne kaɗai da mu matasa 'yan kaɗan. Ni dai abin yana damuna sosai don ina ganin garin yana lalacewa a idonmu. Ta ina ake farawa? Yaya ake sa mutane su ɗauki aikin a matsayin nasu? Kuma shi kwarin akwai abin da za mu iya yi masa da hannunmu ko sai gwamnati? Allah Ya saka da alheri.

Abu Zainab na Kasala:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah Ya yi maka albarka da ka damu da garinku. Ka ce matsala biyu, ni a ganina guda ɗaya ce. Lakar da ke cikin hafirin nan daga ina ta zo? Ƙasar gonakinku ce, ita ce kwarin ya kwaso ya zube muku a can. In loda ta zo ta yashe bana ba ku taɓa sama ba, ba da daɗewa ba za ku sake neman wata loda. Ka dubi madatsar Khashm el Girba a kan kogin Atbara, tun 1964 aka gama ta, gwamnati ce da injiniyoyinta amma laka ta cinye mata wuri mai yawa, ta Rusairis ma haka har aka ƙara mata tsawo aka buɗe a 2013, to balle hafirin ƙauye.

Mu nan ɓangaren Kasala da Butana ruwan sama kaɗan ne, shi ya sa tun kakanni ake yin taras, kuma Hausawan da suka zauna nan wurin mutanen ƙasar suka koya. Ganuwa ce ta ƙasa mai ɓangare uku, doguwar tana kwance a ƙasan gona ta tare gangara, sai hannu biyu da suke hawa sama ta gefe da gefe, saman kuma a buɗe yake don ruwan da ya gangaro ya shigo ya zauna ya nutse. Tsawonta kamar zuwa gwiwa ya isa. Sirrin dai shi ne doguwar ganuwar ta zama a kan daidai, in wani gefe ya fi wani ƙasa duk ruwan can zai taru ya fasa, kuma inda ya fasa nan sabon kwari zai fara. Ba sai da injin awo ba, tiyo mai haske doguwa a cika ta da ruwa a ɗaure bakinta biyu a jikin sanduna masu alama, mutum biyu su riƙe, inda ruwan ya yi daidai a sanda biyun sai a kafa turke, haka har ƙarshen gona. Yaro ɗan makaranta ma in an nuna masa zai iya.

Amma ka ji da kyau, ƙasarku ba irin tamu ba ce. Ku ruwanku ya fi namu nesa ba kusa ba, ga baƙar laka mai tsagewa da rani, wadda in ta sha ruwan farko ta kumbura ta rufe bakinta shi ke nan ruwa ba ya nutsewa sai a hankali. In kuka yi taras rufaffe irin namu ruwa zai kwanta a gona, dawa za ta iya jurewa na ɗan lokaci amma riɗi kwana kaɗan ya yi rawaya ya mutu, daga nan kuma ba wanda zai ƙara sauraronku a garin. Ku naku a yi shi gajere, a bar masa mafita mai faɗi da aka shimfiɗe da ciyawa ko duwatsu, manufarku ita ce ku rage wa ruwan gudu ya ajiye ƙasar da ya ɗauko, ba ku tsare shi duka ba. Ko layin ciyawa da ba a nomewa mai faɗin taku biyu a kan gicciye yana yin aiki, da barin karan dawa a kwance maimakon a ƙone. Sannan wanda ke huɗa ya riƙa gicciye gangara, kar ya bi ta, masu tarakta sun fi son bin tsawon gona don ya fi musu sauƙi sai ka tsaya a kansu.

Shi kuma kwarin, kar ku je inda ya fi zurfi ku ce za ku datse da ƙasa, ruwan farko zai share. Daga kansa ake farawa, can sama inda yake ƙananan rassa, a yi 'yan shingaye gajeru da yawa a jere, tsakiyarsu ta fi gefe ƙasa don ruwa ya bi ta tsakiya ya zubo, a cusa gefen cikin gaɓa sosai, ƙasan inda ruwa ke faɗowa a zuba dutse. In ba dutse a kusa sai turaku da rassan ƙaya da buhunan ƙasa. Kowace shekara in laka ta cika bayan shingen a ɗan ƙara masa. Gaɓar kuma a daina noma har bakinta, a bar ciyawa da bagaruwa da magarya su kama.

Abu ɗaya nake roƙonku, duk wanda ya kawo muku itacen ƙayar nan miskit ya ce shi ne maganin zaizaya ku ce kun gode. An shigo da shi Sudan tun 1917 da niyyar alheri, aka yi ta bazawa don tare hamada, ƙarshe a 1995 gwamnati da kanta ta ba da umarnin a kawar da shi. Ka zo Gash ko Halfa Jadida ka ga yadda ya cinye gonaki da magudanai, awaki su ci 'ya'yan su yaɗa shi ko'ina.

Ummu Safiya:

Sannu ɗan'uwa, Baba Abu Zainab ya gama maganar ƙasa, ni bari in taɓa ta mutane don na yi aikin irshad, wato wayar da kan manoma, a ƙauyukan Gadarif kafin yaƙi. Mutanenku ba su da laifi da suka watse, shekara da shekaru an saba musu mota mai tuta in ta shigo gari rabo ne, ga talauci ga tsadar da ake ciki, mutum yana tunanin abin da za a ci da dare ka ce ya kawo kuɗin mai. Saboda haka ku cire sunan munazzama daga bakinku tukuna. Aikin na gari ne, ko sun zo ko ba su zo ba.

Ku fara da mutum ɗaiɗai ba taro ba. Shehin gari, limamin Juma'a, wanda ya fi kowa dabbobi, masu amalanken sayar da ruwa, da tsohuwar da mata ke jin maganarta, kowa a same shi a gidansa a sha shayi a ji ta bakinsa. In liman ya gamsu huɗuba ɗaya a kan haƙƙin ruwa da sadaka mai gudana ta fi muku taro goma. Sai a ɗauki dattawa a taka da ƙafa daga bakin hafirin a bi hanyar ruwan har inda ya faro, su da kansu za su riƙa cewa nan da akwai kurmin dushe, nan gonar wane ce ta tafi, ku dai ku yi shiru ku saurara, wallahi wannan tafiyar tana canza mutane fiye da duk wani allo da majigi da muka taɓa kawowa.

Mata kuwa ku yi musu zamansu daban kuma mace ta jagoranta, in an haɗa su da maza ba za su yi magana ba alhali su da yara ne ke ɗiban ruwan, su suka san ranar da ya fara wari, su suka san nisan itace. Kuma suna da sanduk ɗinsu na adashi da ba ya mutuwa, a garuruwa da yawa ma'ajin lajnar ruwa mace ce kuma kuɗin ya fi zama lafiya. Baƙin da suka zo gudun hijira ma a ba su kujera a lajnar, cikinsu akwai malaman makaranta da ma'aikatan babban aikin noman ban ruwa na Jazira da suka san harkar magudanar ruwa fiye da mu, ana barinsu zaune a banza.

Manomi ba ya yarda da magana sai ya gani. Ku nemi gona ɗaya ko biyu a bakin hanyar kasuwa, ta mutumin da ake girmamawa amma ba mai kuɗin gari ba don kar a ce ai shi yana da hali, a raba ta biyu, rabi a yi mata abin da Baba ya faɗa rabi a bar ta yadda aka saba, irin dawa ɗaya, ko Wad Ahmad ko Arfa Gadamak duk wanda kuke shukawa, a shuka rana ɗaya. Lokacin da aka yi fashin ruwa a tsakiyar damina ku kira mutane su tona ƙasa da hannu a ɓangaren biyu, ranar girbi kuma a auna a gabansu. Kar ku yi alkawarin ninki biyu, ku ce mu gwada mu gani.

Lokacin gayya ma a lura da shi. Bayan an gama yankan dawa kafin zafin watan 4, lokacin akwai ɗan abinci a gida kuma samari ba su gama watsewa wuraren haƙar zinariya ba. Rana ɗaya a mako, unguwa unguwa, da sassafe a tashi kafin azahar, a dafa abinci a wurin. Ni ban goyon bayan a fara da biyan mutane kuɗi ko buhun dawa don su gyara gonakinsu, na ga inda aka yi haka ranar da biya ya tsaya aiki ya tsaya, har wasu su bar ganuwa ta lalace da fatan za a dawo a sake biya. A kan hafir da kwari da suke na kowa in an samu tallafin abinci ga marasa hali ba laifi.

In loda ta zo ga abin da za ku nace a kai. A ƙara zurfi ba faɗi ba, don rana da iska suna shan ruwa mai yawa a ƙasar nan kuma gwargwadon faɗin fuskar ruwan gwargwadon asarar, amma a gwada ƙasan tukuna kar a huda lakar a kai ga yashi ruwan ya riƙa tsiyayewa. A haƙa ƙaramin rami kafin mashigar ruwa inda laka za ta fara kwantawa, shi wannan da shebur da amalanke za ku iya yashe shi duk shekara. Mafitar ambaliya ta zama a gyare, kun dai ji abin da ya faru da madatsar Arba'at kusa da Port Sudan a watan 8 na 2024, ƙauyuka ta share. A kewaye da waya ko ƙaya, mutum da dabba kar su shiga ciki, a fitar da ruwa ta bututu zuwa rijiya a waje, kwamin dabbobi daban wurin mutane daban, kuma a riƙa sa kilorin. Kwalarar da ta ɓarke a 2024 Kasala da Gadarif suna cikin inda ta fi yin ɓarna, ruwan da jaki ya tsaya a ciki ba na sha ba ne.

Sai kuɗi, nan ne lajna ke mutuwa. Ko kaɗan ne a sa wani abu a kan jarka da ganga da kan dabba, a yafe wa marayu da gajiyayyu a fili kowa ya sani, mai gadi a biya shi, a rubuta shiga da fita a karanta a ƙofar masallaci duk wata. Da yadda kuɗinmu ke faɗuwa kar ku ajiye fam, ku mai da shi man dizal ko dawa. Kuma tun farko ku zauna da mahalliyya, wato ƙaramar hukuma, a rubuta wa ke karɓar kuɗin ruwan kuma nawa ne zai zauna a gari don gyara. Aikin da IFAD, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai tallafa wa noma, ta tallafa a Butana abin da ya fi burge ni da shi ba haƙa ba ne, yadda aka sa ƙauyuka suka haɗu suka yi wa makiyayarsu da dazuzzukansu da ruwansu ƙa'ida da kansu.

Bawan Allah Damazin:

Duk abin da aka faɗa gaskiya ne amma akwai abin da ba a taɓo ba kuma shi ne babba. Gonar ta waye? Ɗan Rahad ka faɗa mana gaskiya mutum nawa ne a garinku suke noma ƙasar da suka tabbata baɗi ma su za su noma ta? Yawancin mutanenmu haya suke ko aro, ka sha wahala ka yi ganuwa ka zuba taki gona ta yi kyau, baɗi mai ita ya ce yana so ko ya ƙara kuɗi. Dasa itace kuwa a wasu wuraren kamar ka ce ƙasar taka ce, rigima ce kai tsaye. Tun dokar 1970 da ta ce duk ƙasar da ba ta da rajista ta gwamnati ce, ƙaramin manomi ba shi da takarda, mai mashru'i, wato babbar gonar inji, shi ke da ita. Mu nan Nilu Shuɗi mun ga abin da maganar ƙasa da sarauta ta jawo a 2022, an rasa rayuka masu yawa, har yanzu akwai waɗanda ba su koma gidajensu ba, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Shi ya sa nake cewa kafin ku kafa turke ɗaya ku je wurin omda da nazir, wato sarakunan gargajiya, da maƙwabtanku na sauran ƙabilu, lajnar kar ta zama ta Hausawa zalla ko da ku ne masu yawa, kuma a faɗa a fili cewa gyaran ƙasa ne ba shata iyaka ba. Mai haya a yi masa yarjejeniya a gaban shaidu ta shekara uku ko biyar, in ba haka ba ba zai yi ba kuma yana da gaskiya.

Na biyu ku duba abin da ke sama da ku. Noman inji a Gadarif tun wajen 1945 aka fara shi a Gadambaliya, aka yi ta sare daji ana faɗaɗawa, faddan (kusan eka) dubu ba itace ko ɗaya, diskin tarakta yana bin wuri ɗaya zurfi ɗaya duk shekara har ƙasan ya daskare, dawa bayan dawa har ƙuduji ya mamaye. Ruwan da ke sauka a wannan filin ina zai je in ba kanku ba? Alhali dokar gandun daji ta ce a bar kashi 10 cikin 100 na mashru'in noman damina ga itatuwa, na ban ruwa kashi 5. Je ka zagaya ka ƙirga masu yi. To lajnarku ta haɗa da wannan, ku samu masu mashru'in da ke saman kwarin da mutunci, ku tafi da ma'aikacin gandun daji, wasunsu in an nuna musu ƙasarsu ce ke tafiya suna yarda.

Makiyaya kuma kar ku kewaye hafir ku toshe musu burtali, hanyoyin nan sun riga gonaki da yawa, kuma tun da Sudan ta Kudu ta balle a 2011 da yawansu ba su da inda za su kai dabbobi da rani kamar da. In ba su cikin maganar, dare ɗaya garke zai baje muku aikin wata uku.

Gawayi ma a faɗi gaskiya, gas ya yi tsada ko babu, mutumin da ya baro gidansa ba shi da sana'a sai gatari. Hana shi da baki ba zai yi ba sai da madadi.

Abu Fahad, Jidda:

Salam 'yan uwa, ni ɗan Mai Wurno ne ina aiki nan Jidda. Ɗan Rahad kar ku manta da 'yan garinku da ke nan Saudiyya, kusan kowane gari yana da zumunta a WhatsApp kuma ana tara kuɗi, sai dai yawanci na rasuwa ne da jinya da ginin masallaci, ba don ba ma son aikin ruwa ba sai don ba a kawo mana shi a tsare. Ku rubuto abin da za a yi, nawa ne mai nawa ne waya, wa zai karɓa, mutum uku su sa hannu, a turo ta manhajar banki ta Bankak, duk mako a sa hoto da lissafi a guruf. In aka yi haka kason da munazzamar ke nema ba zai gagara ba inshallah. Amma ina tare da Ummu Safiya, kar kuɗin waje ya zama shi ne komai, mu mu sayi abin da hannu ba zai iya ba, gumi ya fito daga gari.

Nan ma ƙasar da ake ganin hamada ce ana irin wannan. Akwai wani wuri Al-Baida kudu da Makka, tun 2010 aka fara aiki da mutanen wurin, ƙananan shingayen dutse a kan duwatsu da ramuka masu tare ambaliya su nutsar da ita, aka dasa itatuwan da suka saba da wurin, daga baya aka daina ba su ruwa kuma da yawa suka rayu. Wurin da ruwansa bai kai ko kusa da na Gadarif ba. Kudu kuma wajen Jazan da Asir tsaunuka ne da aka yanka hawa hawa da dutse tun zamanin da.

A kan maganar itace da Bawan Allah ya kawo, abokan aikina mutanen Maraɗi sun ba ni labarin abin da suke kira sassaben zamani, kuma na karanta a kai. Ba dashe ba ne, kututturen da ke tohowa a gona duk shekara ana sassabe shi, sai a zaɓi reshe biyu zuwa biyar masu ƙarfi a bari a datse sauran, saiwar tana nan da ranta tun da can don haka girmansa da sauri ne kuma ba ya son ban ruwa. Daga shekarun 1980 zuwa yanzu an kiyasta kusan hekta miliyan 5 a Nijar sun farfaɗo ta haka, gawo da kalgo da sauransu. Abin da ake datsewa shi ne itacen girki, ka ga an rage shiga daji. Ina ganin ko mai haya zai iya wannan in mai gona ya yarda tunda ba a dasa komai ba. Ku kuma kuna da dakwara, bayan shekara huɗu zuwa biyar ta fara ba da ƙaro, kuɗi ne a hannu da rani kuma tana gyara ƙasa.

Ɗan Rahad:

Na gode ƙwarai Allah Ya bar zumunci, na karanta wa abokaina duka. Bawan Allah gaskiya ka faɗa, gonakin da ke kan kwarin kusan duk haya ne, masu su suna cikin Gadarif, kuma sama da su mashru'i ne babba. Baba Abu Zainab tambayata, mu ce wa munazzamar su dakata har sai mun gyara sama, ko mu karɓi lodar yanzu? Ina tsoron in mun ce su jira su tafi wani gari. Sannan dutse sai an je tsauni da tarakta, da nisa.

Abu Zainab na Kasala:

A'a ɗana ku karɓa, mutane na bukatar ruwa bana, kuma in suka ga ruwa ya daɗe za su fi ba ku haɗin kai a sauran. Sai dai ku roƙa cikin awannin lodar a ware na ramin laka da na mafita, ko da hafirin bai kai girman da kuke so ba. Lakar da aka kwaso kar a tara ta a bakin mashiga ta sake komawa, a daddanna wata a jikin ganuwa, sauran masu amalanke su kai gonakin da suka gaji, ƙasa ce mai kyau. Dutse kuma ku ajiye shi don wurare biyu ko uku da ruwa ya fi ƙarfi, tirela kaɗan ta isa, sauran ƙaya da turaku. In kun samu ragar waya ku ɗaure dutsen a ciki ya fi zama. A gama komai kafin watan 6, kuma bayan ruwan farko mai ƙarfi ku fita da safe ku bi shingayen ɗaya bayan ɗaya, wanda ruwa ya zagaye ta gefe a toshe a ranar.

Ummu Safiya:

Masu gonakin da ke Gadarif kar ku aika musu saƙo, shehin gari da liman su je da ƙafarsu da hotunan kwarin a waya, na bara da na bana in akwai. Ku nemi abu biyu kawai, izinin yin shinge a gonar da alkawarin ba za a tashi mai haya ba na wasu shekaru. Ofishin gandun daji kuma ku je tun yanzu ku tambayi irin dakwara da dashe, don in damina ta kusa kowa ke nema, kuma dakwara ana iya shuka irinta kai tsaye a jikin ganuwa in an jiƙa shi ya kwana. Maganar gawayi ku sa matan su gwada murhun laka mai cin itace kaɗan, akwai waɗanda suka iya gina shi cikin matan da suka zo daga yamma, ku tambaya a garin za ku samu. In kun tsai da ranar zaman mata ka rubuto nan, akwai wata da muka yi aiki tare tana Hawata zan roƙe ta ta zo muku.